Na ceci Carley ta mutu, na ceci Doug ya mutu: zaɓin nan na gaske ne kuwa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wanda bai buga wasan bidiyon The Walking Dead na kamfanin Telltale ba, na 2012, kuma yana da niyya, ya tsallake wannan zancen, domin zan fasa ƙwai.

Jiya da dare na gama shi karo na biyu, kuma raina a ɓace yake. A bugun farko, a kantin maganin nan na Macon, lokacin da matattu suka ɓalle ƙofa, aka ba ni 'yan daƙiƙu in zaɓi wanda zan ceta, Carley ko Doug. Na ceci Carley, na kwana da nauyin Doug kamar ni na kashe shi. A kashi na uku Lilly, ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu, ta harbe Carley a bakin titi. Na ce to laifina ne, da Doug na ɗauka da ba haka ba. Na sake daga farko, na ɗauki Doug. Jama'a, bakin titin nan dai, daren nan dai, bindigar Lilly dai. Da aka ciji Lee, wanda kake bugawa a matsayinsa, na yanke masa hannu, ya mutu. Wannan karon na bar masa hannunsa, ya mutu. A gonar Hershel na ruga wajen Shawn, ya mutu. Na ruga wajen Duck, Shawn ɗin dai ya mutu.

Kullum sai rubutu ya fito a saman allo wai Clementine, yarinyar da Lee yake kula da ita, za ta tuna da wannan. Ta tuna ta yi me da shi? Duk kanwar ja ce. In ƙarshen a rubuce yake tun kafin in kama hannun wasan, don me ake tambayata? Gara su ce mini fim ne, in ajiye hannu in ɗauko gyaɗa.

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Yau dai Bakano ya faɗi gaskiya, a rubuta ranar. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kai ma kashi biyar kawai ka buga. Waɗanda suka bi Mass Effect tun na farko, na 2007, fa? Wasa uku, shekara biyar, kana ɗauko ajiyarka daga na ɗaya ka shigar a na biyu, daga na biyu zuwa na uku, BioWare da ta yi wasan tana ta nuna maka cewa abin da ka shuka shi za ka girba. A watan Maris na 2012 na ukun ya fito. Ka kai ƙarshe, sai a tsayar da kai gaban hanya uku: ja, shuɗi, kore. Hoton ƙarshen kusan ɗaya ne, launin fashewar ne ya bambanta. Har wasu 'yan wasa suka haɗa kuɗi suka aika wa ofishin kamfanin da ke Edmonton a Kanada ƙananan kek fiye da 400, masu launi ukun nan, amma ɗanɗanonsu ɗaya. Ban taɓa jin habaici mai zaƙi irin wannan ba. Sai a watan Yuni kamfanin ya fito da ƙarin ƙarshe kyauta don ya yayyafa wa wutar ruwa. In zaɓi ba ya buƙatar sakamako, me ya tayar da wannan ƙurar?

Maman Ihsan:
Ɗan Fagge, ƙanina, bari in tambaye ka abu ɗaya. A kashi na biyu, a masaukin nan da suka yi sansani, Lilly ta miƙa maka abinci guda huɗu, ga mutum goma suna jin yunwa. Rabin tuffa, busasshen nama, da ƙunshi biyu na biskit da cuku. Wa ka ba?

Ni na fi minti goma sha biyar ina zagaya filin nan. Tuffa na ba Clementine ko tunani ban yi ba. Na ba Duck, duk da yaron ya ishe ni da surutu. Saura biyu. A nan jikina ya yi sanyi, domin duk macen da ta taɓa raba tuwon da bai isa gida ba ta san wannan tsayuwar da mara a hannu. Kuma na san ba wanda zai mutu da yunwa saboda rabona, maigidana ya riga ya buga ya gaya mini. Sanin bai rage mini komai ba. Na je gaban Larry, dattijon nan da ya tsani Lee, na tsaya, na juya, na sake dawowa. Ƙarshe na miƙa masa ina jin haushin kaina, don kawai tsoho ne mai ciwon zuciya. Ya karɓa ko godiyar kirki babu.

Lee ɗina mutum ne da ya ciyar da maƙiyinsa. Naka ban san ko wane ne ba. Za ka ce mini labari ɗaya muka buga?

Ɗan Fagge:
Anti, Larry ɗin da kika ciyar ai a ɗakin sanyi na gonar su St. John Kenny, baban Duck, ya fasa masa kai da dutsen gishiri, ko kin so ko kin ƙi. Biskit ɗinki bai ƙara masa awa ɗaya ba.

Maman Ihsan:
Haka ne. Amma lokacin da gishirin ya sauka, ko dai kana durƙushe kana danna ƙirjin tsohon don ya farfaɗo, ko kuma kai ne ka riƙe 'yarsa Lilly don Kenny ya samu sarari. Kuma Clementine, yarinya 'yar shekara 8, tana cikin ɗakin tana gani. Kai wanne ka yi?

Ƴar Tudun Wada:
Yaya Ɗan Fagge, ko maganar bakin titin ma ba ka faɗe ta daidai ba fa. Carley ta tsaya ne ta gaya wa Lilly magana ido da ido, Lilly ta harbe ta da gangan. Doug kuwa ba shi aka nufa ba. Ben aka nufa, Doug ya janye yaron, harsashin ya same shi. Ɗaya kisan ganganci ne cikin fushi, ɗaya mutum ne mai shiru-shiru da ya ba da ransa don wani. Kuma nan take wasan zai tambaye ka ko za ka bar Lilly a titi ko za ka tafi da ita. Ni da Carley na bar ta ko waiwaye ban yi ba. Da Doug sai da na yi jim. In kabari kawai kake ƙirgawa, e, ɗaya ne.

Injiniya:
Bari in shigo da lissafi, tunda ina ɗan taɓa harkar haɗa manhaja. A ce kowane zaɓi yana raba labari gida biyu, rabuwar da ba za ta sake haɗuwa ba. Zaɓi 10 zai ba ka ƙarshe 1,024. Zaɓi 20 zai ba ka 1,048,576. Kowane reshe sai an rubuta shi, an ɗauki muryoyi, an zana, an gwada. Kuma mafi yawan masu saye reshe ɗaya za su gani su ajiye. Wane ɗan kasuwa ne zai gina ɗaki dubu don baƙon da zai kwana a ɗaya?

Shi ya sa kusan dukkansu dabara ɗaya suke yi, irin ta kogi da ya ci karo da tsibiri: ya rabu biyu, ya zagaya, ya sake haɗewa a gaba. Carley da Doug tsibiri ne. Dole a kashe wanda ya rage kafin kashi na huɗu, in ba haka ba sai a rubuta sauran wasan sau biyu. Telltale ɗin ma da wannan tsumulmular ba ta tsira ba, a watan Satumba na 2018 ta sallami kusan duk ma'aikatanta, sai Skybound ce ta ƙarasa zangon ƙarshe na labarin Clementine a 2019.

Bazazzagi:
Injiniya, ka gaya mana dalilin da ya sa suka yi, ba ka ce daidai ba ne. Mai shayi ma yana da dalilin da yake ƙara ruwa a madara.

Kuma ƙarya ne a ce ba zai yiwu ba. Detroit: Become Human na 2018 fa? Duk babin da ka gama sai Quantic Dream ta baje maka taswirar rassan, ka ga inda ka bi, ka ga ƙofofin da ba ka buɗe ba a kulle. Kara, ɗaya daga cikin jaruman wasan, za ta iya mutuwa tun da wuri labari ya ci gaba babu ita. Ko The Witcher 3 na 'yan Folan, 2015. Bayan mutuwar dattijo Vesemir, Ciri, 'yar riƙon jarumin wasan, tana cikin ƙunci, ko ka zauna ku sha ko ka ja ta waje ku yi jifa da ƙanƙara. Ba wani rubutu a saman allo da zai ce maka za a tuna. Sai can a ƙarshen wasan ka gane ashe waɗannan ƙananan abubuwan ne suka yanke ko za ta dawo ko ba za ta dawo ba. Wannan shi ne mutunta mai wasa.

Ƴar Tudun Wada:
Malam Bazazzagi, don Allah faɗi gaskiya, jifan ƙanƙarar nan da kanka ka zaɓa ko YouTube ka leƙa?

Bazazzagi:
Ƙanwata wannan kuma shiga sharo ba shanu ne.

Ƴar Tudun Wada:
Hhhh to ai ka amsa. Kuma nan ne matsalar take. Da zarar mutane sun san akwai ƙarshe mai kyau da marar kyau, zaɓi ya tashi daga zaɓi ya koma jarrabawa, su kuma su koma satar amsa. Ba ka ƙara tambayar kanka me ya dace in yi wa yarinyar nan, sai dai wanne ne ke kai wa ga ƙarshen da ake so. Na ga mai buga Baldur's Gate 3 da ke ajiye wasa kafin kowace magana, in ƙuri'ar ba ta faɗo masa daidai ba ya koma baya, sau biyar sau shida, har sai ta yi. Wannan wasan yana da rassa kamar tsamiya, amma shi mutumin bai zaɓi komai ba, ya dai tsince tsakuwa daga shinkafa.

A rabon abincin da Anti ta faɗa kuwa babu amsar da za ka sata. Ba riba, ba asara. Shi ya sa abin da ya fito daga hannunka naka ne.

Baba Mai Gem:
Yarana, ku bari tsoho ya sa baki. Na riƙe gidan gem shekaru, tun zamanin PS2. Talabijin huɗu, benci biyu, ƙaramin janareto a bayan shago. Yawancin yara ƙwallo suke bugawa, amma akwai inji ɗaya da na bar wa GTA San Andreas. Ba na ba da memori, saboda sun sha goge wa juna ajiya a yi ta rigima. Ma'ana duk abin da yaro ya yi, in lokacinsa ya cika ko aka ɗauke wuta, ya tafi ke nan. Gobe daga farko.

To ku san irin ɓarnar da ake yi a wannan injin. Yaro zai zo da takardar lambobin sata a aljihu, ta yi laushi don ninkewa, ya sauko da tankar yaƙi, ya tara taurarin 'yan sanda, sauran suna ihu a bayansa. Amma akwai wani yaro, ɗan siriri haka, mai kawo wa babansa abinci kasuwa. In ya biya kuɗinsa sai ya nemi tasi ya shiga, ya riƙa ɗaukar fasinja. Abin da ya sa na lura da shi, in danja ta nuna ja sai ya tsaya. A GTA fa! Wasan da ɗan sanda ko kallonka ba ya yi in ka keta danja. Yara suna dungure masa kai, suna cewa kai wuce mana, lokacinka na ƙonewa. Shi ko uffan. In ya kuskure ya taka mai tafiya a ƙasa sai ka ji ya ce subhanallahi a hankali.

Ba maki, ba ajiya, ba wanda zai tuna. Ni dai na tuna, ga shi shekara nawa. Kuma da zan bar wa ɗaya daga cikinsu shagon in je sallah, kun san wanda nake bar wa.

Bazazzagi:
Baba, Allah ya ƙara girma, labarin ya yi daɗi. Amma wannan halin yaron ne, ba aikin Rockstar mai GTA ba. Da dara ka ba shi ma haka zai buga ta da ladabi. Mu muna maganar wasan da ya yi maka alkawari ne. Telltale da kanta take rubutawa a farkon kowane kashi cewa labarin yana bin zaɓinka, wai an ɗinka shi daidai da yadda kake wasa.

Maman Ihsan:
To ai ɗinki suka ce, ba saƙa ba. Tela ba ya saƙa maka sabon yadi, wanda ke akwai yake yankawa daidai jikinka.

Bazazzagi:
Hajiya, telan da ya ɗinka wa duk unguwa kaftani ɗaya, maɓalli kawai ya canja, ranar sallah za ki kira shi tela?

Abu Hanan:
Ina ta karantawa ina murmushi, domin wannan gardamar ta girmi PlayStation nesa ba kusa ba. Mu da aka koya wa tun muna allo cewa ayyuka suna tare da niyya, bai kamata ta ba mu wuya ba. Akwai ma hadisin da ya ce in Alƙiyama ta tsaya alhali ɗayanku yana riƙe da dashen dabino, in zai iya dasawa ya dasa. Wa zai ci 'ya'yan? Ba kowa.

Ku duba Red Dead Redemption 2. Arthur Morgan ya kamu da tarin fuka wajen dukan wani talaka da ake bi bashi. A 1899 ake, ba magani. Duk abin da ka yi zai mutu. Amma a babi na shida, in Strauss mai ba da bashin ya sake aikensa karɓar bashi, kana iya yafewa, har ka ciro kuɗi daga aljihunka ka ba matar da mijinta ya rasu. Bai ƙara masa kwana ba. To don haka sai mu ce banza ne?

Shugaban Zaure:
Malam Abu Hanan, a yi hattara dai. Misali ya halatta, amma kada zancen ya gangara muhawarar ƙaddara, mun san inda ta kai mu wancan karon. A tsaya a kan gem.

Abu Hanan:
Na karɓa, shugaba. Iyakata niyya.

Injiniya:
Malam, misalinka yana da rami. Red Dead yana da ma'aunin mutunci a ƙasan allo, yana hawa yana sauka, kuma yana canja yadda Arthur zai cika: ko yana kallon fitowar rana, ko a hannun maƙiyinsa Micah. Har rangwame ake yi maka a kantuna in ma'aunin ya hau. Shi ya sa za ka ga mutum ya gama harbe rabin gari, sai ya je Saint Denis ya bi titi yana gaida duk wanda ya gani, sannu, sannu, sannu, har ma'aunin ya cika. Wannan a wajenku me sunansa?

Abu Hanan:
Riya ce tsagwaronta, hhh. Kuma ka taimake ni ne ba ka sani ba. Duk inda aka sa ma'auni ana nuna maka, niyya ta shiga haɗari. Da ni ne su, da na ɓoye shi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, gaisuwa daga wannan ɓangaren iyaka. Ni inji babba ba ni da shi, tsohuwar kwamfuta gare ni, don haka wasan da zan kawo ƙarami ne: Papers, Please, wanda mutum ɗaya, Lucas Pope, ya yi a 2013. Kai ma'aikacin shige da fice ne a wata ƙasar ƙage mai suna Arstotzka, a 1982. Aikinka duba takardu da buga hatimi. Ana biyanka gwargwadon mutanen da ka sallama daidai, da dare ka raba kuɗin tsakanin haya, abinci da ɗumama ɗaki, ga mata, ga ɗa, ga suruka, ga kawu.

Wata rana wani mutum ya zo, takardunsa cif. Na buga masa kore. Kafin ya wuce ya ce matarsa tana bayansa, in taimaka. Ta shigo, ta ajiye fasfo, babu takardar izinin shiga. Na riga na yi kuskure biyu a ranar, gargaɗin kyauta ya ƙare, na uku tara ce. Ɗana kuma ba shi da lafiya a gida. Hatimi biyu suna gabana, agogo yana tafiya, layi yana jira. Mu da muke ƙetara iyaka zuwa Kano da Daura mun san yadda ake tsayuwa a ɗaya gefen tagar nan, ana kallon hannun mutum. Ban taɓa zama a wannan gefen ba sai ranar.

Na buga mata ja. Ta tafi. Wasan yana da ƙarshe 20, kuma ba wannan matar ce ke yanke wanda za ka samu ba. Ba wanda ya zo ya tuhume ni. Na sayi magani, yaro ya warke. Amma na kashe kwamfutar na fita waje na zauna, shayin ma ban iya sha ba. Ɗan Fagge, in zaɓin banza ne, me ya fitar da ni waje?

Ɗan Fagge:
Ɗan uwa, naka daban ne. Kai ka biya wani abu, ko za ka biya. Tara ce, magani ne. Akwai abin da ke kan sikeli. Ni abin da ke ci mini rai shi ne a nuna mini sikeli alhali an ɗaure shi da waya ta ƙasa.

Kuma akwai wanda ya fi wannan muni. Spec Ops: The Line, shi ma 2012, wanda labarinsa yake a Dubai da yashi ya binne. An kai ka inda ba yadda za ka wuce sai ka harba farar wutar nan mai cin nama, ka harba, sai a zagaya da kai cikin gawarwakin fararen hula ana nuna maka abin da ka aikata. Ni na aikata? Kun toshe duk ƙofofi kun bar ɗaya, sannan ku ce don me na bi ta nan?

Ƴar Tudun Wada:
A wannan kam ina bayanka, Yaya. Laifin da ba a ba ka hanyar kauce masa ba, ba naka ba ne. Amma ka lura, a can ba a tambaye ka ba sam. A Walking Dead an tambaye ka, an kuma riƙe amsar. Ka manta mutumin nan na kashi na biyar, mai motar da aka kwashe wa kaya a daji? Ya zaunar da kai a ɗakin otal ya riƙa jero maka abubuwan da ka yi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya karanta wa Anti ba shi ya karanta maka ba.

In kuma wasan da ba ya mantuwa kake nema, ga Undertale na Toby Fox, 2015. Na kashe Toriel bisa kuskure, na ji ba daɗi, na koma ajiyar baya na bar ta da rai. Ina fita sai furen nan Flowey ya tare ni, ya nuna mini sarai ya san abin da na yi da farko. Tsigar jikina sai da ta tashi. Ta rayu fa, sakamakon ya gyaru. Amma ni da shi mun san na taɓa kashe ta.

Bazazzagi:
To wannan ai sakamako ne! Wasan ya amsa miki. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Ban ce dole sai an canja ƙarshen duniya ba, amma in na yi magana a amsa mini. Ko a Mass Effect 3 ɗin da na zaga, abin da ya faru a Tuchanka ban taɓa kushe shi ba. Maganin cutar da ta hana ƙabilar Krogan haihuwa, ko ka bari a yi shi ko ka yi zagon ƙasa, har kana iya harbin Mordin ta baya, abokinka tun wasa na biyu. Kuma ko Wrex, ɗan ƙabilar Krogan ɗin, yana raye tun daga na ɗaya yana canja yadda abin zai kaya. Wannan ya biya kuɗin sabulu. Minti goman ƙarshe ne suka zubar mini da miya.

Maman Ihsan:
Ashe mun kusa haɗuwa. Da ka ce sai ta yi mai, yanzu ka dawo a amsa maka kawai.

Bazazzagi:
Ban sauka ba, Hajiya, gyara zama na yi. Har gobe Telltale ta fi ƙarfin talla a kan aiki. Rabin rubutun nan na za a tuna, ba a tuna komai.

Injiniya:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa wasanninsu ba sa jure bugu na biyu. Kamar mai rufa-ido ne a kasuwa, in ka zagaya bayansa ka ga inda yake ɓoye ƙwan, shi ke nan. Kuskuren Ɗan Fagge ɗaya ne, ya zagaya baya.

Ɗan Fagge:
Wato laifina ne da na buga abin da na saya sau biyu? Injiniya ka ji tsoron Allah.

Maman Ihsan:
Ƙanina, har yanzu ba ka ba ni amsa ba, sau biyu ina tambaya kana zillewa. Bar ɗakin sanyin ma. Ka ce a bugu na biyu komai ka juya don ka gwada su. To a ƙarshe, Lee yana jingine a ƙasa, numfashi na ƙarewa, Clementine tana tsaye da bindiga. Ko ka ce ta harbe shi kada ya tashi ya zama irinsu, ko ka ce ta tafi ta bar shi. Na farko me ka ce, na biyu me ka ce?

Ɗan Fagge:
Na farko na ce ta tafi. Ban so yarinya ta ɗauki wannan a ranta ba.

Na biyu na shiga da niyyar in ce ta harba, don in ga abin da zai bambanta. Na kai yatsa kan maɓallin. Ƙanena yana gefe yana cewa danna mana, ai ka san ba abin da zai canja. Na sani ɗin. Na ce ta tafi.

Tuffar ma ita na sake ba, in kina son sani.

Amma kada ku yi murna, ban janye ba. Shawn ya ci a ce ana iya cetonsa, kuma yanke hannun nan zalunci ne kawai aka sa ni na yi wa bawan Allah. Zango na biyu yana nan a kan injina, zan shigar da ajiyar farko, ta Carley, sau ɗaya zan buga shi, ba kuma zan sake zagayawa bayan mai rufa-ido ba.

Bazazzagi:
In ka kai kashi na biyar na zango na biyun ka dawo nan, akwai zaɓin da zai sa ka nemi Hajiya da kanka. Ba zan fasa ƙwan ba.

Ɗan Damagaram:
Wanda ke da Detroit a faifai ya taimaka mini da aro, wani abokina ya samo PS4. Ina shigowa Kano ƙarshen wata.

Baba Mai Gem:
Akwai shi a shago. Ka zo da shaida, na ƙarshen da ya ara har yau yana hanya.